Kuɗɗin ƙarfe masu kuskure: arziki ne ko tarkon ƴan damfara?

Ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata, kwanan nan hotunan bidiyo sun cika salula, ana nuna kuɗɗin ƙarfe da aka yi kuskure wajen bugunsu, wai guda ɗaya ya isa ya gina wa mutum gida. Mun bi diddigin maganar. Akwai gaskiya cikinta, amma ƴar kaɗan ce.

A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, Amurka ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe, don sojoji na bukatar jan ƙarfe. Sai wasu ƴan faifan jan ƙarfe da suka rage cikin inji suka sha hatimin wannan shekara. A 2010 an sayar da ɗaya daga cikinsu dala miliyon 1 da dubu 700. Dalar Amurka fa, ba tamu ta kasuwa ba. A Italiya ma, an buga santim 1 na yuro a kan faifan santim 2, da hoton wani gini na birnin Torino. Kuɗin da kaɗan ya ɗara dala guda, amma a 2013 ya tashi yuro 6.600 wajen gwanjo, wato sama da miliyon 4 da jikka 300 na sefa.

To, me ya ba su wannan daraja? Ƙarancinsu ne, tare da shaidar masana cewa daga gidan bugun kuɗi aibin ya fito, sannan ga attajirai masu sha'awar tarawa suna ƙara wa juna farashi. Inda kuskuren ya yi yawa, farashi ba ya tashi haka: a 2008 Ingila ta saki dubban ƴan fene 20 marasa shekara, kuma fam gommai kawai ake sayensu.

Inda riba take, nan ɓarawo yake. An daɗe ana shafa wa kwabon baƙin ƙarfe ruwan jan ƙarfe, ko a kankare 8 ɗin 1948 ta koma 3. Na farkon mayen ƙarfe ke tona masa asiri, don yana kama shi. Na biyun kuwa sai idon gwani.

A ganinmu, abin da ke cikin gwangwanin canjinmu daban ne. Dala hamsin da ta shafe, ko dala ɗari da ta lanƙwashe, hannu da ƙasa suka cinye ta, ba inji ba. Darajarta na nan yadda aka rubuta, ko a Maraɗi ko a Damagaram, kuma bankin BCEAO ba ya ƙara ko tamma a kai. Abin mamaki, mu da ke ƙin karɓar shafaffen kuɗi hannun mai sayen tumatir, mu ne za mu ba baƙo jikka goma don ya ce nasa na miliyoyi ne. Duk wanda ya nemi ku fara biyan kuɗin bincike ko na aikawa Turai, ku tambaye shi abin da ya hana shi kai kayan gwanjo da kansa.