Cinikin Kuɗi Ta Waya Na Sauya Halin Samarinmu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina game da wata sana'a da ta shigo mana gari, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashen waje da ake kira foreks, da kirifto, da hannun jari, wanda samarinmu ke yi ta wayar hannu.

Ni ba malami ba ne, don haka maganar halas da haram na bar wa masu ita. Mai sayar da hatsi ne ni, na fi shekara 30 a kasuwa. Abin da ya dame ni shi ne yadda wannan ciniki ke sauya halin mutum tun kafin ya taɓa aljihunsa.

Bari in fara da kaina, kada a ce na raina yara. A 2007, lokacin da bankuna ke ta tallar hannun jari bayan garambawul ɗin da aka yi musu a zamanin Soludo, na sayar da gerona na sayi na wani banki. Ni da ban taɓa kula shafin kasuwanci ba, sai ga ni kullum da sassafe ina neman wanda zai duba mini ko ya hau. Ran da ya hau, kowa ya taya kayana in yi masa ragi har da gyara. Ran da ya sauka kuwa, ko sallama yaron shago ya yi sai ya sha tsawa. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jarin Nijeriya ya haura 66,000, kafin shekara ta zagayo ya dawo wajen 20,000. Kuɗi suka tafi. Amma wallahi abin da ya fi ba ni kunya shi ne da uwargida ta ce mini, "Malam, tun kafin kuɗin su tafi kai ka riga ka tafi."

To, ni a mako sau shida nake jin farashi. Na yanzu a kowane daƙiƙa suke ganinsa.

Akwai ɗan ƙanena da na riƙe, yaro mai natsuwa, shi ke yi mini awo. Wani abokinsa ya koya masa foreks. A makon farko ya ci ribar da ba ma samu a wata. Nan aka fara. Abu na farko da ya rasa shi ne haƙuri. Ribar naira 500 a kan buhu ta zama abin dariya a wajensa, har yana ce mini, "Baba, ai ku wahala kuke yi." Mutumin da ya saba ganin dubu 50 ta shigo cikin minti goma, yaya za a yi ya zauna jiran mai sayen mudu biyu?

Na biyu, barci. Ita wannan kasuwa ba a tashinta, dare da rana take ci kwana biyar a mako, ta kirifto kuwa ko Lahadi babu hutu. Ƙarfe biyun dare ka ga hasken waya a ɗakinsa. Da safe ido ja wur, ka yi masa magana ya ce "na'am" alhali hankalinsa na can wajen zanen da ke hawa da sauka.

Na uku, kuma shi ya fi muni, ɓoye-ɓoye. In ya ci, duk unguwa sai ta ji. In ya faɗi, gum. Daga nan sai zuciya ta ce masa ya ƙara zubawa ya fanshe, ya zuba ya sake faɗuwa, ya ranto ya zuba. Yaron da bai taɓa yi mini ƙarya ba sai da ya taɓa kuɗin adashin mahaifiyarsa. Garin neman gira aka rasa ido.

Jama'a, ya kamata mu fahimci yadda abin yake. Dillalin yakan ba mutum damar juya kuɗin da ya ninka nasa sau 100. Wato da naira dubu 50 kana juya miliyan 5. Da daɗin ji. Amma farashi na motsawa da kashi ɗaya cikin ɗari ta inda ba ka so, dubu hamsin ɗin nan ta tafi gaba ɗaya. A ƙasashen Turai ma, hukumarsu mai kula da kasuwannin kuɗi ta bayyana a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, har aka tilasta wa dillalai rubuta gargaɗi a jikin tallarsu. In masu wutar lantarki da intanet mai ƙarfi haka suke ƙarewa, ina ga mai cajin waya a shagon maƙwabci?

Wani zai ce ai ku ma masu ajiye hatsi caca kuke da farashi. Gaskiya ne muna saye da kaka mu jira bazara, kuma a 2025 da farashin hatsi ya karye mun ji jiki. Sai dai akwai bambanci. In gero ya faɗi, geron na nan a rumbu, a daka a sha fura. Kuma cinikinmu da mutum ne, ka ga fuskarsa, ya taya ka ce albarka, ku daidaita ka ce Allah Ya sa alheri, gobe ya dawo ko da bashi. A waya babu fuska, babu kunya, babu mai ce maka "kai, ya isa haka."

Zuciyar da ta saba da ribar gaggawa ita 'yan damfara ke nema. Mun ga MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Don in yi adalci, na san 'yan ƙalilan da wannan sana'a ta gyara. Sukan rubuta kowane ciniki a littafi, su yanke iyakar asarar da za su iya ɗauka tun kafin su shiga, in sun yi kuskure su amsa, su rufe waya su tafi harkarsu. Amma in ka lura, irin waɗannan ba sa ɗaukar hoto da mota, ba sa kuma karɓar kuɗin kowa su ce za su juya masa.

Shawarata ga samari ita ce, kada ka zuba kuɗin da in ya tafi gidanku zai kwana da yunwa. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa amana, kada ka sayar da gona ko akuyar tsohuwa. Kada ka saki sana'arka ta hannu. Ka bincika ko kamfanin na da rajista da hukumar SEC. Sannan ka samu mutum ɗaya da za ka riƙa gaya wa gaskiyar ribarka da asararka. Ran da ka ji ba za ka iya gaya masa ba, to ciniki ya ƙare, caca ta fara.

Iyaye kuma, mu daina tambayar nawa ya kawo kawai. Mu duba yana barci? Yana cin abinci cikin 'yan'uwansa? Yana zuwa gaisuwa da zumunci kamar da? Ɗan ƙanena ya dawo bakin awo, muna biyan kuɗin adashin da kaɗan kaɗan, amma har yanzu in waya ta yi ƙara sai na ga hannunsa ya tsaya a kan mudu.

Allah Ya ba mu arziki mai albarka, Ya shirya mana zuriya, amin.

Naku mai karatu kullum,
Wani mai sayar da hatsi,
Kasuwar Dawanau, Kano.