Ƴanci ba ya tsayawa a takarda

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ya ci rayuka fiye da 600,000 kafin a kwance sarƙar bayi kusan miliyan 4. Aka gyara tsarin mulki sau uku: a 1865 aka haramta bauta, a 1868 ƴantattu suka zama ƴan ƙasa, a 1870 aka hana tauye wa namiji ƙuri'a saboda launin fatarsa.

Amma gonakin da aka fara raba musu, shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsoffin iyayengiji. Ƴantacce ya koma noma gonar wani ana raba amfani, bashi ya ɗaure shi. Da gwamnatin tarayya ta janye sojojinta a 1877, jihohin Kudu suka ƙago harajin zaɓe da jarrabawar karatu don nisanta baƙar fata daga akwati. Sai a 1965 doka ta kawar da wannan zalunci.

Nijar ma ta mai da bauta laifi a 2003. A ganinmu, dokar ba za ta wadatar ba sai ƴantacce ya samu gona ko jari, da alƙalin da ba ya shakkar tsohon ubangijinsa.