Yunwar Ganganci a Wasan Hawan Dutse

Tun da aka shigar da wasan hawan bango cikin gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, wata musiba da ma'abota wasan suka daɗe suna rufa wa asiri ta fito sarari, wato yadda samari da 'yan mata ke hana kansu abinci da gangan, bisa zaton cewa gwargwadon rashin nauyin jiki, gwargwadon nisan da yatsu za su kai shi.

Zaton nan yakan yi kamar gaskiya na ɗan lokaci, kuma a nan haɗarinsa yake. Daga baya haila takan ɗauke wa budurwa, ƙashi ya yi rauni, jijiyoyin yatsu su tsinke saboda yawan rataya a ɗan tudun da bai wuce faɗin farce ba, zuciya kuwa ta cika da waswasi har mutum ya riƙa ɗaukar loma ɗaya zunubi.

A 2023 likitoci biyu, Eugen Burtscher da Volker Schöffl, suka yi murabus daga kwamitin lafiya na hukumar wasan ta duniya, IFSC, saboda sakacin da suka gani, zakarar wasan Janja Garnbret ita ma ta ɗaga murya, sa'an nan a farkon 2024 aka wajabta binciken lafiya kafin gasa.

A ganina an makara, kuma doka kaɗai ba za ta wadatar ba matuƙar masu horarwa suna yaba rama. Duk kocin da ya ɗora yarinya a sikeli ya yi mata gorin nauyi, haƙƙi ne a kore shi daga wasan.