A tura 'yan lise gona na zango ɗaya

Duk wanda ya bi hanyar Parakou zuwa Djougou a watan Disamba zai ga arzikin ƙasar nan jibge a bakin titi: tulin auduga fari fat, buhunan waken suya, doya an yi dala da ita. In Maris ya kama, kashu ne. Amma ka shiga aji a kowace lise ta cikin gari, ka tambayi yara wa yake son ya zama manomi. Da ƙyar ka ga hannu ɗaya a sama, shi ma yana ɗagawa sauran na dariya.

Ban ga laifin yaran ba. Ni kaina lokacin da nake makaranta, fartanya horo ce. Ka makara, a ba ka fartanya. Ka yi surutu a aji, a ce je ka nome bayan ofis. Shekara da shekaru muna koya wa yaro cewa noma hukuncin mai laifi ne, sannan mu dawo muna mamakin ya gama bak ya sayi babur yana zem a Kwatano. Wasu samarin Donga kuma su tsallaka Najeriya, su yi shekara cur suna ƙwadago a gonakin jihar Oyo domin a sallame su da babur. Wato noman da suka raina a gida shi suke yi wa wani a waje, ba ilimi, ba riba.

Shawarata ita ce: a ɗauki ɗaliban ajin seconde, wanda babu jarrabawar BEPC ko bak a cikinsa, su yi zango ɗaya na karatu suna zaune a gona ta gaskiya, wadda ake shuka, a girbe, a sayar. Karatun lissafi da Faransanci da kimiyya ya ci gaba da safe, da malamansu, da makinsu. Da la'asar su shiga aiki. Mai zangon farko zai tarar da kakar doya da waken suya da auduga. Mai zango na biyu zai tarar da tsintar kashu, da sharar gona, da shukar ruwan farko, da faɗuwar 'ya'yan kaɗanya.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A jihar Vermont ta Amurka akwai makarantar Mountain School, wadda tun 1984 take karɓar 'yan sakandare daga birane su yi zango ɗaya suna karatu suna kiwo da noman abin da za su ci. Su can iyaye kuɗi masu yawa suke biya domin ɗansu ya taɓa ƙasa. Mu da ƙasar take bayan gidanmu, kunyarta muke ji.

Kuma ba sai mun gina komai daga tushe ba. Cibiyar Songhai, wadda Fada Godfrey Nzamujo, haifaffen Kano, ya kafa a Porto-Novo a 1985, tana da reshe a Parakou. Tsarinta shi ne kada a zubar da komai: kashin dabbobi ya zama taki da gas ɗin girki, ragowar amfanin gona ta zama abincin dabbobi, ruwan tafkin kifi ya koma lambu. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fahimci darasin kimiyyar da ya yi shekara yana hadda bai gane ba. Ga gonar kiwo ta Okpara, ga lise ta noma a Kika, ga cibiyar binciken noma ta Ina, ga sashen koyon aikin gona na Jami'ar Parakou da aka buɗe a 2001. Duk suna nan kusa da juna.

Wani zai ce ai gwamnati ta riga ta yi alkawarin gina lise 30 na noma, da burin kashi 70 cikin ɗari na ɗalibai su koma ilimin fasaha da sana'a nan da 2030. Madalla, muna goyon baya. To amma wa zai cika azuzuwan? Yaron da bai taɓa ganin noma ya ba mutum mutunci ba, ba zai zaɓe shi ba sai in ya faɗi jarrabawa. Sannan wanda zai zama likita ko alƙali ko ma'aikacin banki shi ma yana da buƙata. Gobe shi zai yanke shari'a tsakanin manomi da makiyayi, shi zai sa hannu a ba manomi bashi ko a hana shi. Gara ya san yadda ake tada kunyar doya, ya san abin da kwana goma ba ruwa yake yi wa masara.

Dattawa za su tuna mini da zamanin Kérékou, da tsarin sabuwar makaranta na 1975, lokacin da aka ce kowace makaranta ta yi gonarta. Gaskiyarsu. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan zamani, abin da suke tunawa shi ne wahalar rana, ba su san inda kuɗin amfanin ya shiga ba. Saboda haka akwai sharuɗɗa. Na farko, ɗalibi ba ɗan ƙwadago ba ne: a ƙayyade sa'o'in aiki, kuma kada a bar yaro ya taɓa maganin feshin auduga. Na biyu, littafin kuɗi ya kasance a hannun ɗalibai, su rubuta nawa aka kashe a iri da taki, nawa aka sayar a kasuwar Arzeke, nawa ya rage. Wannan ne darasin da ya fi kowanne. Na uku, 'yan mata su sami masaukinsu daban da mata masu kula da su, in ba haka ba babu uban da zai saki 'yarsa, ni ma ba zan saki tawa ba. Na huɗu, kada a ɗora wa iyaye kuɗi, don kada abin ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai.

Kakanninmu fatake sun yi ta yada zango a Djougou, Zugu a bakinsu, kan hanyar Kano zuwa Gwanja fataucin goro. Sun san kaya tun daga inda ya fito har inda za a sayar, shi ya sa ba a cutarsu. Yau da ake son a riƙa sarrafa kashu da waken suya a gida, ana neman matasa masu irin wannan sani.

Kirana ga ma'aikatar ilimin sakandare da magadan garin Parakou da Djougou: a gwada da aji biyu kacal, ɗaya daga kowane gari, shekara guda. A ƙarshe a tara iyaye, yaran su buɗe littafin kuɗinsu su yi bayani da bakinsu. In abin bai yi ba, mu za mu fara faɗa a wannan shafi.