Mu Motsa Jiki Don Karatu Ya Zauna

A garinmu Jere, cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko, da ƙafa muke zuwa makaranta, da ƙafa muke zuwa gona. Da na shigo jami'a sai na koma ɗan hutu: daga ɗaki zuwa aji sai acaɓa, in jarrabawa ta ƙarato kuma in kwana zaune da goro a baki. Wannan ɗabi'a ta yawancinmu ce, kuma a ganina kanmu muke cuta.

Ga hujjata. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu sinadarai masu raya jijiyoyi, tamkar yadda taki ke raya citta a gona. Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya, ita ta gano na farkonsu, har aka ba ta lambar Nobel a 1986 tare da Stanley Cohen. A 1982 aka tace wani ɗan'uwansa mai suna BDNF, wanda ke ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi a sashen da ke adana sabon abin da mutum ya koya. A 1995 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka ga wannan sinadari yana ƙaruwa a ƙwaƙwalwar ɓerayen da ke gudu. A 2011 kuma aka yi gwaji da tsofaffi 120. Waɗanda aka sa tafiyar ƙafa sau uku a mako har shekara guda, sashen nan nasu ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100, na sauran kuwa ya ɗan ragu.

To, mu masu haddace ƙa'idojin nahawu da karin sauti, da wannan sashe muke aiki kullum. Wani zai ce ina lokaci? Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako ta ba da shawara ga baligi, wato rabin awa sau biyar. Hirar majalisa kaɗai ta fi haka cin lokacinmu.

Ban ce gudu zai karanta wa mutum littafi ba. Wanda bai buɗe littafi ba, ko kullum yana hawan Dutsen Kagoro sai ya faɗi jarrabawa. Amma mai karatu da ya daina motsi yana rage wa kansa riba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, mu riƙa takawa zuwa aji, mu raya wasannin sashenmu. Lafiya uwar jiki ce. Allah ya sa mu dace.