Ɗaukaka Ƙara Ba Ta Mai Kuɗi Kaɗai Ba Ce



Yawancinmu idan muka kai labari kotu, alƙali na yanke hukunci sai mu rufe babin. To a Indiya, wanda aka samu da laifin ba da cak ɗin da banki ya ƙi biya, daga nan wata sabuwar wahala take fara masa.

Ga yadda abin yake. Sashe na 138 na dokar takardun kuɗi ta Indiya, wadda aka kafa tun 1881, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tarar da za ta iya kai ninki biyu na kuɗin da ke kan cak ɗin, ko duka biyun. A 2018 majalisa ta ƙara sashe na 148: idan wanda aka yanke wa hukunci ya ɗaukaka ƙara, kotu na iya umartarsa ya ajiye aƙalla kashi 20 cikin ɗari na tarar ko diyyar da aka ɗora masa, cikin kwana 60, da ƙarin kwana 30 in yana da uzuri. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce wannan ajiya ita ce ƙa'ida, ɗage ta kuwa sai da dalili na musamman.

Mun san hujjarsu, kuma ba ma raina ta. Mai kaya ya ba da kayansa, an miƙa masa takarda, banki ya dawo da ita. Ya yi shekaru yana sintiri a kotu, ya yi nasara, sai wancan ya ɗaukaka ƙara don kawai ya ja lokaci. Wannan zalunci ne.

Amma mu yi lissafi. A ce ƙaramin ɗan kasuwa ne aka ɗora wa diyyar rupi miliyan ɗaya. Sai ya nemo dubu ɗari biyu cikin wata biyu. Mutumin da ake zargin asusunsa babu kuɗi, shi ake cewa ya kawo kuɗi. In ya kasa, ana iya janye dakatar da hukuncin da aka yi masa, ya tafi gidan yari alhali ƙararsa ba ta ƙare ba. Attajirin da ya saba wasa da kotu kuwa zai zaro kuɗin ya ci gaba da jan lokacinsa. Wa dokar ta kama ke nan?

Alƙali ɗan Adam ne, yana kuskure. Don haka aka yi ɗaukaka ƙara. Za a ce ai in an wanke mutum ana mayar masa da kuɗinsa har da ruwa. Gaskiya ne. Sai dai shagon da ya sayar don ya haɗa kuɗin, wa zai mayar masa?

Ita kanta Kotun Ƙoli ta sassauta a 2023. Ta ce in ajiyar za ta zama rashin adalci, ko ta hana mutum haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara, kotu na iya ɗage ta, muddin ta rubuta dalili. Mun yaba, amma bai isa ba. Kamata ya yi a duba ƙarfin aljihun kowane mai ƙara tun farko, ba sai ya yi sa'ar lauya mai baki ba. Ainihin cutar jinkirin shari'a ce. An bar jaki ana dukan taiki.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Don haka in za mu rubuta mai bashi a labari, kada mu yi saurin mai da shi ɓarawo, kada kuma mu tsaya a ranar hukunci. Mu bi shi cikin kwana sittin ɗin nan, mu ga me ya sayar, wa ya roƙa, wa ya juya masa baya.

Allah Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.