Wasan da ya fi kamfaninsa tsawon rai

Idan kana cikin masu zuba kuɗi a wasannin waya, kana sayen lu'ulu'u ko sabuwar riga ga ɗan wasanka, akwai labarin da ya kamata ka sani. A ƙarshen Maris 2024, kamfanin Ubisoft ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da wasan tseren motoci mai suna The Crew, wanda ya fito a 2014. Wasan ba ya tashi sai da intanet, don haka duk wanda ya saya da kuɗinsa ya wayi gari ba shi da komai. Haushin haka ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda a 2025 ya tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya a ƙasashen Tarayyar Turai, suna neman a hana kamfanoni kashe wasan da aka riga aka saya.

To, kwatanta wannan da wani wasa da ya girmi yawancinmu. A 1977, shekarar da fim ɗin Star Wars ya fito, wani ƙaramin kamfani a jihar Ilinoi ta Amurka, Game Designers' Workshop, ya fitar da Traveller, wanda Marc Miller ya tsara. Ƙananan littattafai uku ne baƙaƙe a cikin kwali. Na farko yana koya maka yadda za ka ƙirƙiri ɗan wasa da dokokin faɗa, na biyu jiragen sararin samaniya, na uku duniyoyi da tafiye-tafiye. Abokai ne za su zauna kan tebur, ɗaya ya zama alƙalin wasa mai ba da labari, sauran su jefa ƙwayoyin ludo biyu su ga abin da zai faru. Wasan ya yi suna da cewa ɗan wasanka na iya mutuwa tun kana tsara tarihin rayuwarsa, kafin ma a fara.

Daga nan aka riƙa fitar da ƙarin littattafai: Mercenary a 1978 kan sojojin haya, High Guard kan manyan jiragen yaƙi, Merchant Prince a 1985 kan fatauci tsakanin duniyoyi. Ai kasuwanci ne, kar ka ɗauka sadaka suke yi. Kowane ƙarin littafi kuɗi ne, kuma idan sabon bugu ya fito sai a ja hankalinka ka sake saye.

A 1996 kamfanin ya rufe. Sai dai wanda ya mallaki littattafan bai rasa komai ba. Kwalinsa na nan, ƙwayoyinsa na nan, yau ma zai iya tara abokai su buga kamar yadda aka yi a 1977. Daga baya kamfanin Mongoose Publishing na Ingila ya fara fitar da sabon bugu a 2008, amma bai hana kowa amfani da tsohon ba.

Gaskiyar magana, yawancin abin da muke saye a waya aro ne. Izinin shiga kawai ka biya, kuma mai shi na iya rufe ƙofa ranar da wasan ya daina kawo masa riba. Ban ce ka daina wasa ba fa. Amma kafin ka tura dubu biyar ɗin nan don sayen wata bindiga a wasa, tambayi kanka: idan kamfanin ya kashe kwamfutocinsa gobe, me zai rage a hannuna? Idan amsar ita ce babu komai, to ka kashe kuɗin kamar kuɗin shiga gidan kallo, ka san cewa da an tashi shi ke nan.